Dorugu, Bawan da Ya Ga Turai

An haifi Dorugu a ƙasar Damagaram wajen 1840. Yana yaro aka kama shi bauta, aka kai shi Kukawa, inda Baturen nan Overweg ya 'yanta shi. Da Overweg ya rasu cikin 1852, sai ya bi Barth zuwa Tambutu, har Ingila da Jamus cikin 1855.

A can ya lura da zaman mutane ƙwarai, wato yadda maza da mata ke cin abinci tebur guda, da irin son tabar Jamusawa. Schön ya rubuta labarin daga bakinsa, aka buga cikin Magana Hausa a 1885. Ya rasu a Kano cikin 1912.

Turawa da dama sun rubuta yadda suka gan mu. Ta bakin Dorugu kuwa muka ji yadda Bahaushe ya gan su.