Agustin na Hippo: Mutumin da Alherin Allah Ya Cim Masa

Mutane da yawa suna tsammani bishara ta fara shigowa Afirka ne da zuwan Turawan mishan. Ba haka ba ne. Fiye da shekara 1,600 da suka wuce, arewacin Afirka cike yake da ikkilisiyoyi, kuma daga can ne Allah ya ta da ɗaya daga cikin manyan malaman da ikkilisiya ta taɓa samu, wato Agustin, bishop na Hippo. Mun zaɓi tarihinsa a wannan fitowa domin 'yan'uwa waɗanda suka yi alkawari sau da dama za su rabu da wani zunubi amma suka sāke faɗawa, da kuma iyaye waɗanda suka daɗe suna kuka a gaban Ubangiji saboda ɗa ko 'ya da ta bauɗe.

Ƙuruciyarsa

An haifi Agustin ran 13 ga Nuwamba, shekara ta 354, a Tagaste, garin da yau ake kira Suk Ahras a ƙasar Aljeriya. A lokacin yankin yana ƙarƙashin mulkin Roma. Mahaifinsa, Fatirisiyus, ba mai bi ba ne, kuma mutum ne mai saurin fushi. Mahaifiyarsa Monika kuwa Kirista ce mai naciya cikin addu'a. Su ba masu arziki ba ne, amma da suka ga yaron yana da kai, sai suka ƙuƙuta suka tura shi makaranta a garin Madaura.

Da ya kai shekara 16 kuɗi suka ƙare, ya dawo gida ya yi shekara guda yana zaman banza tare da abokan banza. Wani dare suka shiga gonar maƙwabci suka kakkaɓe 'ya'yan wani itace. Ba yunwa suke ji ba, a gidansu ma akwai waɗanda suka fi su daɗi. Suka ɗan ɗanɗana, suka zuba wa aladu sauran. Wani zai ce ai wannan ƙuruciya ce kawai, amma bayan shekaru da yawa Agustin ya zauna ya binciki abin da ya tura shi, ya tarar ya yi satar ne don daɗin yin abin da aka hana, da kuma kunyar kada abokai su ga ya ja da baya. A nan ya gane cewa zunubi ba daga rashi ko matsi kaɗai yake fitowa ba, saiwarsa tana cikin zuciya.

Wani attajirin garinsu ya taimaka, ya tafi babban birnin Kartaj, kusa da Tunis ta yau, domin ya koyi ilimin iya magana a gaban jama'a. A can sha'awar jiki ta kama shi sosai. Ya ɗauki wata mace ya ajiye ba aure, a shekara ta 372 ta haifa masa ɗa, aka sa masa suna Adiyodatus, wato kyautar Allah. Wajen wannan lokaci ne mahaifinsa ya rasu, amma kafin ya rasu ya karɓi baftisma, albarkacin haƙurin Monika da halinta na kirki.

Shekarun yawo

Yana ɗan shekara 19 ya karanta wani littafi na Sisero, masanin Roma, ƙishin sanin gaskiya ya kama shi. Ya buɗe Littafi Mai Tsarki, amma girman kai ya sa ya rena shi, don a ganinsa harshen ba shi da ado. Sai ya shiga ƙungiyar mabiya Mani, wani mutumin Farisa wanda ya koyar cewa haske da duhu iko biyu ne da ke yaƙi tun fil azal. Koyarwar ta yi wa Agustin daɗi domin ta sauke masa laifi. In ya yi zunubi, sai ya ce ba shi ba ne, duhun da ke cikinsa ne. Ya yi wajen shekara 9 a cikinsu.

Monika ta yi ta kuka. Ta je wurin wani bishop ta roƙe shi ya yi wa ɗanta magana. Bishop ɗin ya ga yaron bai shirya ji ba tukuna, ya ce ta ci gaba da addu'a. Da ta matsa masa, sai ya sallame ta da tabbacin cewa ɗan da aka zubar wa hawaye haka ba zai hallaka ba. Ta riƙe wannan magana kamar daga sama ta zo.

A shekara ta 383 Agustin ya ƙudura zai tafi Roma neman aiki mai tsoka. Uwarsa ta bi shi har bakin teku tana roƙo kada ya tafi. Ya yi mata ƙarya cewa rakiyar aboki ya zo, da dare ya yi jirgi ya tashi da shi, ya bar ta tana addu'a. A ganinta Allah bai ji roƙonta ba. Ashe ta wannan tafiya ce Ubangiji zai amsa babban abin da take roƙo. Shekara ta zagayo, aka naɗa shi malamin iya magana a Milan, inda fadar sarkin Roma take a lokacin. A can ya fara zuwa majami'a don ya ji yadda Bishop Ambros yake sarrafa harshe, amma a hankali gaskiyar da ke cikin wa'azin ta fara shigarsa. Ambros ya buɗe masa Tsohon Alkawari, wanda dā yake yi wa ba'a.

Monika ta iske shi a Milan, ta shirya masa aure da 'yar babban gida. Saboda haka aka sallami uwar ɗansa, wadda ta zauna da shi fiye da shekara 10, ta koma Afirka ita kaɗai, aka riƙe yaron. Wannan tabo ne a tarihinsa, kuma shi da kansa bai ɓoye zafin da ya ji ba. Da yake yarinyar da aka ba shi sai an jira shekara 2 kafin ta isa aure, ya kāsa haƙuri ya ɗauki wata mace. Kansa ya riga ya yarda Almasihu ne gaskiya, amma al'ada ta ɗaure shi kamar sarƙa. Ya shaida cewa tun yana saurayi yakan roƙi Allah tsarkin rai, amma a can cikin zuciyarsa yana fatan kada amsar ta zo da wuri.

A cikin lambu

A shekara ta 386 wani ma'aikacin fada, shi ma ɗan Afirka, ya ziyarce shi. Ya ga wasiƙun Manzo Bulus a kan tebur, sai ya ba shi labarin Antoni na Masar, wanda ya ji maganar Yesu ga saurayin nan mai dukiya, ya rabar da abin da yake da shi, ya shiga hamada yana addu'a da azumi. Ya kuma faɗa masa yadda waɗansu ma'aikatan sarki biyu suka karanta tarihin Antoni, suka bar aikinsu nan take suka bi Ubangiji. Kunya ta rufe Agustin. Ga mutane marasa zurfin ilimi suna miƙa kansu ga Allah, shi kuwa da dukan karatunsa ya kāsa mallakar jikinsa.

Ya fita lambun gidan, abokinsa Alifiyus yana biye da shi. Ya faɗi a gindin wani ɓaure yana kuka. Sai ya ji muryar yaro daga wani gida kusa tana maimaita cewa a ɗauka a karanta. Ya ɗauki wannan umarni ne daga Allah, ya koma inda ya ajiye littafin, ya buɗe, idonsa ya sauka a kan Romawa 13:13-14, inda Manzo ya yi gargaɗi a kan shashanci, da buguwa, da fasikanci, da husuma, ya kuma kira masu bi su yafa Ubangiji Yesu Almasihu. Bai bukaci ya wuce nan ba. Salama ta cika zuciyarsa, shakka ta kau. Abin da ƙoƙarin shekaru ya kāsa yi, Maganar Allah ta yi shi.

Ya bar aikinsa, ya bar maganar auren. A daren Ista na watan Afrilu, 387, Ambros ya yi masa baftisma tare da ɗansa da Alifiyus. A wannan shekara, suna jiran jirgin komawa gida a tashar Ostiya, zazzaɓi ya kama Monika, ta rasu tana da shekara 56. Ta riga ta gaya wa ɗanta ba ta da sauran abin da take jira a duniya, tun da ta gan shi cikin Almasihu. Ba da daɗewa da komawarsu Afirka ba, Adiyodatus ma ya rasu yana saurayi.

Makiyayi mai azumi

Agustin ya sayar da gādonsa ya ba matalauta, yana nufin ya zauna shiru cikin nazari da addu'a. Amma a shekara ta 391, da ya ziyarci Hippo, birnin da yau ake kira Annaba, jama'ar ikkilisiya suka kama shi cikin sujada suka kai shi gaban bishop a keɓe shi. Ya karɓa da hawaye. Bayan 'yan shekaru ya zama bishop na garin, ya riƙe wannan aiki har mutuwarsa.

Wajen shekara ta 397 ya fara rubuta littafinsa na furta zunubi da yabon Allah, mai kashi 13. Abin lura shi ne bai tsaya a labarin tubarsa ba. Yana bishop, ya bayyana cewa har yanzu yana fama da mugayen mafarkai, da son yabo, da kwaɗayin abinci. Ya lura cewa mutum yana iya yanke fasikanci gaba ɗaya, amma ci ba ya yankuwa, kullum sai an koma gare shi, kuma sau da yawa kwaɗayi yakan ɓuya a bayan bukata. Saboda haka ya koyi ɗaukar abinci kamar magani, yana horon jikinsa da azumi. Almajirinsa Fosidiyus, wanda ya rubuta tarihinsa, ya ce yawancin abincin gidansa ganye ne da hatsi, nama kuwa sai don baƙi ko marasa lafiya. Ya kuma sa aka rubuta gargaɗi a kan teburin cin abinci cewa mai cin naman wanda ba ya nan ba shi da wuri a teburin.

A wa'azinsa na kwanaki 40 kafin Ista, ya koya wa jama'a cewa abin da mai azumi ya hana cikinsa, ya kamata ya shiga cikin mayunwaci. Ya tsauta wa masu barin nama su koma ga waɗansu kayan daɗi masu tsada, don sun sauya kwaɗayi ne kawai, ba su kashe shi ba. Ya kwatanta azumi da sadaka da fikafikai biyu na addu'a, ya nace cewa mai azumi ya fara gafarta wa ɗan'uwansa. Bai yarda a raba ikkilisiya a kan ranakun azumi ba. Ya tuna yadda Monika ta damu don ana azumin Asabar a garinsu amma ba a yi a Milan, da yadda Ambros ya shawarce ta ta bi al'adar ikkilisiyar da ta sami kanta a ciki.

Gardama a kan alheri

Wani malami daga Birtaniya, mai suna Felajiyus, ya ji an karanta addu'ar Agustin inda yake roƙon Allah ya ba shi ikon yin abin da ya umarta, sai ransa ya ɓaci. Shi yana koyar cewa an haifi mutum ba tare da lalacewar Adamu ba, kuma in ya ƙudura zai iya kiyaye dokar Allah da ƙarfin nufinsa. Agustin ya san daga Littafi da kuma rayuwarsa cewa ba haka ba ne. Ya kafa hujja da Romawa sura 5 da 7, da Yahaya 15:5, da 1 Korintiyawa 4:7, ya nuna cewa ko marmarin tuba kyauta ce daga Allah. Taron bishop-bishop a Kartaj ya ƙi koyarwar Felajiyus a shekara ta 418. Bayan shekara fiye da 1,000, Martin Luta da Yohanna Kalbin sun sha daga wannan rijiya sa'ad da suka yi shelar ceto ta wurin alheri.

Ba mu ce Agustin bai yi kuskure ba. Ya goyi bayan hukuma ta tilasta wa 'yan ɗarikar Donatus su komo cikin ikkilisiya, abin da daga baya waɗansu suka fake da shi suka tsananta wa mutane. Shi ma ya san shi ajizi ne, gama a tsufansa ya bi littattafansa ɗaya ɗaya yana gyara inda ya ga ya kauce.

Ƙarshen tseren

Bayan an washe birnin Roma a shekara ta 410, ya yi shekara 13 yana rubuta littafin Birnin Allah, domin ya tuna wa masu bi cewa mulkokin duniya suna shuɗewa. A shekara ta 430 mayaƙan Bandal suka kewaye Hippo. Bai gudu ya bar garken ba. A wata na uku zazzaɓi ya kwantar da shi. Ya sa aka rubuta masa zaburan tuba na Dawuda aka manna a bango kusa da gadonsa, ya roƙa a bar shi shi kaɗai, ya yi kwana 10 yana karantawa yana kuka yana addu'a. Ya rasu ran 28 ga Agusta, 430, yana da shekara 75. Bai bar wasiyya ba, domin ba shi da abin da zai bari sai littattafai, su ma na ikkilisiya ne.

Ɗan'uwa, in kana azumi domin ka sayi tagomashin Allah, ka sāke tunani, gama alheri ba na sayarwa ba ne. Ka yi azumi kamar mara lafiya da ya zo wurin likita, kana furta zunubinka da sunansa, Littafi a buɗe a gabanka. Ke kuma uwa, wadda kika gaji da jira, ki tuna Monika ta ga ɗanta ya shiga jirgin da ta roƙa kada ya shiga, amma ba ta mutu ba sai da ta ga baftismarsa. Ubangiji ya ba mu alherin jimrewa. Amin.