Seydou Keita, mai hoton Bamako

Marigayi Seydou Keita ɗan kafinta ne, haifaffen Bamako. A 1935 kawunsa ya kawo masa akwatin hoto Kodak daga Senegal, a 1948 kuma ya buɗe wurin ɗaukar hoto a unguwar Bamako-Kura, kusa da gidan kaso.

A tsakar gida yake yawancin aikinsa, da hasken rana. Yakan rataya zane a bango (na farkon ma shimfiɗar gadonsa ce), ya zaunar da mutum, ya gyara masa hannu da haɓa. Wanda ba shi da agogo ko rediyo sai a ara masa, samari kuwa su jingina da Vespa. Talaka ya shigo, ya tafi gida da hoton mai hali. Da yake fim na da tsada, sau ɗaya yake ɗaukar kowa, kuma da wuya ya kuskure.

A 1962 gwamnatin Mali ta ɗauke shi aiki, ba a daɗe ba wurin ya rufe. A 1991 aka nuna hotunansa a Amurka ba tare da sunansa ba, sai daga baya aka nemo mai su. Ya rasu a Paris cikin Nuwamba 2001.