Shon: Bawan Allah Da Ya Yi Wa Hausa Aiki Daga Nesa

Karatu: Yahaya 21:18-22, Galatiyawa 6:4-5

In kana da Littafi Mai Tsarki na Hausa a ɗakinka, ya kamata ka san sunan wani mutum da ya fara saran wannan gona, ko da yake ƙafarsa ba ta taɓa taka Kano ko Katsina ko Damagaram ba. Sunansa James Frederick Schön, amma bari mu kira shi Shon, yadda ake furtawa. An haife shi a ƙasar Jamus a 1803. Ya yi karatu a makarantar masu bishara ta Basel, daga nan ƙungiyar CMS ta Ingila ta aike shi Saliyo a 1832.

A wancan zamani jiragen yaƙin Ingila suna tare jiragen masu fataucin bayi a teku, su kwance mutanen da ke ciki, su sauke su a Firitawun. Saboda haka garin ya cika da harsuna iri iri, har da Hausa. A bakin waɗannan 'yantattun bayi ne Shon ya fara tsintar kalmomin harshenmu, yana tambaya yana rubutawa.

A 1841 gwamnatin Ingila ta tura jirage 3 masu hayaƙi su hau Kogin Kwara. CMS ta sa mutum biyu a ciki: Shon, da wani malamin makaranta Bayarabe wanda shi ma an kwance shi daga jirgin bayi, wato Samuel Ajayi Crowther. Tafiyar ba ta yi daɗi ba. Zazzaɓi ya kashe Turawa fiye da 40, jirgin da ya fi nisa kuwa a Egga ta ƙasar Nufe ya juyo. Shon ya komo da abu biyu a zuciyarsa. Na farko, ya gane cewa 'yan Afirka ne za su kai bishara cikin ƙasar, ba Turawan da ke mutuwa kamar ƙudaje ba. Shi ne ma ya yabi Crowther a wurin shugabanni, aka kuwa naɗa shi fasto a 1843. Na biyu, ya ga irin nisan da Hausa ke kaiwa a bakin fatake. A wannan shekara ta 1843 ya buga ɗan littafin kalmomin Hausa.

To, ɗan'uwana, ga inda hanyar mutanen biyu ta rabu. A 1847 rashin lafiya ya fitar da Shon daga Afirka, yana da shekara 44, bai kuma sake komowa ba. Ya sami aikin fasto a asibitin sojojin ruwa a garin Chatham na Ingila. Gaida marasa lafiya, addu'a a bakin gado, jana'iza, gobe ma haka. Crowther fa? Ya sake hawan kogin a 1854, ya kafa aikin bishara na Kwara a 1857, sa'an nan a 1864 aka keɓe shi bishop a babbar majami'ar Kantabari, baƙar fata na farko da ikilisiyar Angilika ta ba wannan matsayi. Wanda yake bayan Shon jiya, yau sunansa ne a bakin kowa.

Wataƙila ka san irin wannan zama. Wanda kuka shiga makaranta tare ya zama babban ma'aikaci, kai kana nan kana neman abin yi. 'Yar'uwa, ƙawayenki sun yi aure sun haihu, ke kina gidan mahaifinki. Mai bishara yana ƙauye da mutum goma sha biyu a ƙarƙashin rumfar kara, abokinsa yana birni da majami'a cike. Ba rashin ne kaɗai ke da ciwo ba, waiwayen nan da kake yi kana auna kanka da wani, shi ne ke cin ƙarfinka. Bitrus ma ya yi shi. Ubangiji ya gama faɗa masa abin da ke gabansa ke nan, sai ya juya yana tambayar makomar Yahaya. Amsar da ya samu ita ce ya bar zancen wani, ya bi Ubangijinsa.

Abin da Shon ya yi da waɗannan shekaru a fili yake: bai saki Hausar ba. A 1855 matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da sunan Abdulkarim, ya iso Ingila tare da samari biyu 'yantattu, Abbega da Dorugu. Dorugu ɗan wajen Kance ne a ƙasar Damagaram, an kama shi yana yaro aka sayar. Ka dubi ikon Allah! Shon bai iya zuwa ƙasar Hausa ba, sai ga Hausar ta zo har ƙofar gidansa. Da ya riga ya nannaɗe takardunsa ya jefa a akwati don baƙin ciki, da samarin sun zo sun wuce, bai amfana da kome ba. Amma suka tarar da shi a shirye.

Abbega ya koma Afirka ba da daɗewa ba, Dorugu kuwa ya zauna a gidan Shon har 1864. Mutum mai shekara hamsin da wani abu, mai ilimi, ya zama almajirin yaro. Dorugu yana ba da labarin rayuwarsa da tatsuniyoyin gida, Shon yana rubutawa, yana gyara abin da ya koya a karkace a Saliyo. A ganina wannan ya fi littattafan nasa nauyi, gama ba kowane babba ne zai yarda ƙaramin yaro ya riƙa gyara masa harshe shekara da shekaru ba.

Sannu a hankali 'ya'yan itacen suka fara nuna. Bishara ta hannun Matiyu ta fito da Hausa a 1857, Littafin Farawa a 1858, littafin nahawun Hausa a 1862. Ƙamus ɗinsa bai fito ba sai 1876, lokacin yana da shekara 73, wato shekara 35 bayan tafiyar Kwara. Faransa ta ba shi lambar yabo ta Volney saboda aikinsa na Hausa, Sabon Alkawari ya fito a 1880, jami'ar Oxford ta ba shi digirin girmamawa a 1884. Magana Hausa, inda labarin Dorugu yake, ya fito a 1885, Shon ya riga ya haura 80.

Kada kuma ka ɗauka hanyar Crowther shimfiɗaɗɗiya ce. A 1857 jirginsu ya bugi dutse ya farfashe kusa da Jebba, suka yi watanni a bakin kogi. A ƙarshen ransa wasu samarin masu bishara Turawa suka raina aikinsa, suka dakatar da ma'aikatansa, ya rasu a ranar ƙarshe ta 1891 da wannan nauyi a kansa. Wanda kake hange daga nesa kana cewa ya huta, ba ka ga gammon da ke kansa ba.

Hausar Shon ba ta rasa aibu ba. Mutumin da bai taɓa zama a kasuwar Hausawa ba, dole a ji baƙunci a bakinsa, waɗanda suka zo bayansa kuwa sun sake fassarar. Ya rasu a 1889. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa bai fito ba sai 1932, ta hannun Likita Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa, shekara 43 bayan an binne Shon. Dorugu kuwa ya ƙare kwanakinsa yana koyarwa a makarantar Ɗan Hausa a Nasarawa ta Kano, a can ya rasu a 1912.