SIR HENRY HOLLAND: LIKITAN DA YA KAI MAGANIN YANA HAR ƘOFAR TALAKA

Masu iya magana sun ce ido ba mudu ba, ya san kima, amma sau da yawa mu ne ba mu san kimar idon ba sai ya tafi. A ƙauye, in makanta ta sami magidanci, mutum biyu ta kama, da shi da yaron da za a hana zuwa makaranta don ya riƙe masa sanda. Saboda haka muka ga ya kamata mu ba masu karatu labarin wani likita wanda ya ƙare rayuwarsa yana mayar wa talakawan ƙauye ganinsu.

An haifi Henry Holland a birnin Durham na ƙasar Ingila cikin shekarar 1875. Ubansa limamin coci ne. Ya koyi aikin likita a jami'ar Edinbara, sa'an nan cikin 1900 ƙungiyar mishan ta CMS ta aika da shi asibitinta na Kwetta, babban garin Balucistan, can kusa da iyakar Afganistan. A zamanin nan wurin yana cikin ƙasar Hindu ƙarƙashin mulkin Ingilishi, yau kuwa yana cikin Fakistan. Ƙasa ce ta duwatsu da ƙura da ƙarancin ruwa, mutanenta galibi Musulmi ne, makiyaya da manoma da fatake. Ya duƙufa ga koyon harsunansu har ya iya magana da majinyaci ba tafinta. Ko da yake kowace irin cuta yana dubawa, bai daɗe ba ya lura ciwon ido ya fi damun jama'a, musamman yana.

To, mece ce yana? A cikin ido, bayan baƙin nan na tsakiya, akwai wata 'yar ƙwaya garau kamar gilashi, ita ce ke tattara haske. In tsufa ya zo takan dushe sannu a hankali har ta yi fari, haske ya kasa wucewa, alhali kuwa sauran idon lafiya lau yake. Tun zamanin da, a ƙasar Hindu akwai masu yawo gari gari da allura suna tura ƙwayar nan can cikin ido, kamar yadda ake yi a nan ƙasarmu. Mutum yakan ga haske nan take ya yi murna, amma sau da yawa bayan 'yan watanni idon ya kumbura ya mutu ɗungum, mai allura kuwa ya riga ya yi nisa. Aikin likita dabam ne: yakan tsaga gefen ido kaɗan, ya fitar da ƙwayar gaba ɗaya, in wurin ya warke a ba mutum tabarau mai kauri. A hannun gwani aikin 'yan mintoci ne.

Watau magani yana nan, isa gare shi ne wuya. Talaka makaho ba shi da kuɗin jirgi, ba ya iya tafiya shi kaɗai, kuma yana tsoron a raba shi da danginsa a ba shi abincin baƙi. Holland ya gane haka, sai ya sa aka yi wa asibitin Kwetta ɗakuna irin na zangon fatake, inda majinyaci zai sauka da iyalinsa, su dafa abincinsu yadda suka saba. Da wannan dabara ya kawar da tsoron da ya hana mutane da yawa zuwa.

Amma abin da ya fi ɗaukaka sunansa a wani gari aka yi shi, Shikarpur, cikin lardin Sind, tafiyar kamar mil 200 daga Kwetta. A can akwai wani attajiri Bahinde, Seth Hiranand, wanda ya saba biya wa makafi kuɗin tafiya wurin likitan. Wajen 1909 ya yi tunani ya ga gara a kawo likita ɗaya wurin makafi da a kai makafi ɗari wurin likita. Ya gayyaci Holland, ya ɗauki nauyin ciyar da majinyata, ya kuma gina asibiti don aikin. Lokacin da aka zaɓa shi ma da hikima. Da hunturu ƙanƙara takan rufe Kwetta, aiki ya ragu, a Shikarpur kuwa sa'an nan ne zafi ke sauka har rauni ya warke ba wahala. Saboda haka kowace shekara, cikin Janairu da Fabrairu, Holland da ma'aikatansa sukan kwashe kaya su sauka can kamar mako shida.

Labari ya bazu, makafi suka riƙa kwararowa, waɗansu a kan raƙuma, waɗansu cikin keken shanu, waɗansu a ƙafa ana jansu. Tun da safe har dare ana aiki, kowa da nasa: wannan yana dubawa, wancan yana wanke ido, likita na gama ɗaya an riga an kwantar da na biye. A waɗansu shekaru aikin yana kaɗai ya wuce 1,000 cikin makonnin nan. Likitocin ido daga Turai da Amurka suka riƙa zuwa suna ba da hannu kyauta, domin abin da za su gani a wata guda a can ya fi abin da za su gani a shekara a gida. Abin lura a nan, likita Kirista ne, mai ba da kuɗi Bahinde, majinyata kuwa da Musulmi da Hindu, kuma ba a kori kowa don ba shi da abin biya ba.

Ran 31 ga Mayu 1935, cikin dare, girgizar ƙasa ta rushe Kwetta, mutum fiye da 30,000 suka halaka. Asibitin ya zube, gini ya danne Holland kansa, sai ɗansa Harry ne ya tono shi. Yana da shekara 60 a lokacin, da ya ce ya gaji ba mai ganin laifinsa. Maimakon haka ya shiga neman taimako har aka sake gina asibitin. Cikin 1936 Sarkin Ingila ya ba shi girman Sir. Ya ajiye aiki cikin 1948, duk da haka ya yi shekaru yana komowa Shikarpur da hunturu. 'Ya'yansa biyu, Harry da Ronald, sun gaje shi a aikin likita, kuma cikin 1960 aka ba shi da Ronald lambar girma ta Ramon Magsaysay a ƙasar Filifin. Ya rasu cikin 1965 yana da shekara 90. An ƙiyasta mutum fiye da 100,000 suka sami ganinsu ta hanyarsa.

Daga zamaninsa zuwa yau aikin ya ci gaba ƙwarai. Yanzu in an fitar da ƙwayar da ta dushe akan sa wata ta roba a gurbinta, ba sai da tabarau mai kauri ba. Amma har wa yau yana ita ce kan gaba wajen makantar da mutane a duniya, dalili kuwa shi ne wanda Holland ya tarar a 1900: nisa, da rashi, da tsoro, da rashin sanin cewa abin yana warkewa.

Nan ne namu aikin yake, mu malaman makaranta da ma'aikatan ofis. Ba mu iya riƙe wuƙar likita ba, amma mu ne ke rubuta sunayen mutanen gari, mu ne muka san yaron da ya bar aji don jagorancin kakansa. Mu gaya wa dattijon nan ya je asibiti a duba shi kafin ya miƙa idonsa ga mai allura. Mu kuma tuna wa attajiranmu da Seth Hiranand, wanda bai san aikin likita ba ko kaɗan, amma da ba don dukiyarsa ba da dubban mutane sun mutu cikin duhu. Allah ya ba mu masu koyi da su duka biyu, amin.