Frank Wild, mataimakin da aka bar wa amanar mutum 21 a ƙanƙara

Sau biyar Frank Wild ya je Antaktika, kuma kusan kullum a ƙarƙashin wani. An haife shi a yankin Yorkshire na Ingila a 1873, ya shiga aikin jirgin ruwa tun yana saurayi. A 1909 yana cikin ayarin mutum huɗu na Ernest Shackleton da suka ratsa ƙanƙara har saura kimanin kilomita 180 su kai ƙurewar kudancin duniya, yunwa ta komo da su.

Babban aikinsa ya zo ne bayan ƙanƙara ta murƙushe jirginsu, Endurance, a 1915. Mutanen jirgin 28 suka tsira da ƙyar zuwa Tsibirin Elephant, wani tsiron dutse da ba mai zama a kansa. A watan Afrilun 1916 Shackleton ya ɗauki mutum biyar a ƙaramin kwale-kwale ya tafi neman agaji, ya bar wa Wild ragowar 21.

Wild ya sa aka kife kwale-kwale biyu bisa tarin duwatsu, suka zama ɗaki. Naman tsuntsun fengwin da na dabbobin teku suke ci, kitsensu kuma shi ne makamashin girki da man fitila. A cikin wannan ɗaki mai hayaƙi likitoci suka yanke wa wani matashi yatsun ƙafa da sanyi ya kashe. Wild ke raba abinci, shi ke kashe rigima. Duk safiyar da teku ta buɗe sai ya umarce su su naɗe kayansu, ko maigida zai iso ranar, alhali shi ma bai san ko maigidan na raye ba. Wata huɗu suka yi a haka. Ranar 30 ga Agusta jirgin ƙasar Chile, Yelcho, ya kwashe su, ba a rasa ko mutum ɗaya ba.

Ƙasa ba ta karɓe shi kamar yadda ƙanƙara ta yi ba. Noman audugar da ya gwada a Afirka ta Kudu ya karye, har ya koma ƙananan ayyuka. A can ya rasu a 1939. Sai a 2011 aka kai tokar gawarsa tsibirin South Georgia, aka binne ta a hannun daman kabarin Shackleton.