Sarkin Musulmi Bello da Maganin Basir

Yawancinmu mun san Muhammadu Bello a matsayin ɗan Shehu Usmanu kuma Sarkin Musulmi, amma kaɗan ne suka san ya yi rubutu a kan magani. An haife shi a 1781, ya karɓi ragamar mulki a 1817 bayan rasuwar Shehu, ya kuma rasu a Wurno a 1837.

Duk da yaƙe-yaƙe da hidimar daula, sai da ya zauna ya rubuta risala guda da Larabci a kan maganin basir, wata a kan ciwon ido, wata kuma a kan wankin ciki da ganyen filasko. Da Baturen Ingila Clapperton ya zo Sakkwato a 1824, cikin abubuwan da Bello ya nema har da a turo masa likita.

Wato dai a wajensa magani ilimi ne, sai an karanta, an tambayi masana. Filaskon nan fa, in ya yi yawa sai murɗar ciki da gudawa. Don haka 'yan uwa ɗalibai, kafin ku kwankwaɗi jiƙon da ake talla a bakin get, ku tambayi me aka zuba a ciki, kuma nawa ake sha.