Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Neman Magani

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya saukar da cuta ya kuma saukar da maganinta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

'Yan'uwa, a shafinmu na tarihin magabata na wannan Juma'a za mu tsaya a kan mutumin da babu wanda bai san sunansa ba a cikinmu, wato Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Yawancinmu mun san shi da jihadi da mulki da gina birnin Sakkwato. Amma da za a tsaya a ƙofar masallaci a tambayi masu fitowa, kaɗan ne za su ce sun san wannan bawan Allah ya zauna ya rubuta littafi guda a kan ciwon ido, ya rubuta wani a kan basir. To, wannan ɓangare na rayuwarsa shi muke so mu duba yau, don akwai abin da ya shafe mu kai tsaye a nan Dutse Uku.

Tasowarsa

An haifi Muhammadu Bello a shekarar 1195 bayan Hijira, daidai da 1781. Sunan mahaifiyarsa Hauwa'u. Ya taso a gidan da ba a san komai ba sai karatu, ya yi ilimi a hannun mahaifinsa, da baffansa Malam Abdullahi, da wasu malaman jama'ar Shehu a Ɗagel. Tun yana saurayi ya zama ɗaya daga cikin marubutan mahaifinsa kuma ɗan aikensa.

A watan Fabrairu na 1804 aka yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu, lokacin Bello yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Bayan nasarar Tafkin Kwatto a watan Yuni na wannan shekara, abubuwa sun yi tsanani ƙwarai. A Tsuntsuwa an rasa mutane masu yawa, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani wajen ɗari biyu. Daga nan jama'a ta shiga yawo da mata da yara da dabbobi, ba gona ba rumbu, ga yunwa ga cuta a sansani. Wanda ya rayu cikin irin wannan hali ba ya bukatar a gaya masa cewa cuta tana kashe abin da takobi bai kashe ba. Bello ya gani da idonsa, kuma ya rubuta tarihin waɗannan shekaru a littafinsa Infaƙul Maisuri a 1812.

Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808. A 1809 Bello ya fara gina Sakkwato a kan tudu. Da Shehu ya rasu a 1817, aka yi masa mubaya'a, ya riƙe jama'a shekara ashirin.

Sarki da littattafan magani

Waɗannan shekaru ashirin ba na hutu ba ne. Akwai tawaye, akwai yaƙi da Gobirawa da Kabawa, akwai saɓani da Barno. Duk da haka abin da ya rubuta ya haura littafi ɗari, manya da ƙanana, kuma da dama cikinsu a kan ɗibbu ne, wato ilimin likitanci.

Akwai Masugul Lujaini, wanda ya keɓe wa cututtukan ido. Akwai Alƙaulul Mansur, a kan magungunan basir. Akwai wanda ya yi a kan sana, ganyen nan da Bahaushe ke kira filasko, da yadda ake amfani da shi wajen wanke ciki. Akwai Almawaridun Nabawiyya, a kan mas'alolin magani da suka zo daga Manzon Allah (SAW). Akwai kuma Ujalatur Rakibi, wanda sunansa kaɗai ya nuna manufarsa: ɗan guzurin gaggawa ne ga wanda ke kan hanya, ba shi da lokacin buɗe manyan littattafai.

Ku dubi cututtukan da ya zaɓa. Ido da basir da ciki. Ba cutar sarakuna ba ce, cutar kowa da kowa ce, ta manomi da ɗan kasuwa da malamin zaure. Basir ma ai cuta ce da mutum ke jin kunyar faɗa, har ya yi shekaru yana wahala a ɓoye. Amma Amirul Muminina bai ga girmansa ya fi ƙarfin ya rubuta a kanta ba, don ya san talakawansa na fama da ita. Kuma tsarin da ya bi na ɗaukar cuta ɗaya, ko magani ɗaya, a tattara abin da malaman ɗibbu suka faɗa a kansa, a tace, a rubuta yadda mai bukata zai amfana, shi ne tushen abin da yau ake kira bincike.

Ba shi kaɗai ba ne a gidan. Ƙanwarsa Nana Asma'u ta rubuta Tabshirul Ikhwan, a kan neman waraka da surorin Alƙur'ani. Kun ga ke nan a gida ɗaya an haɗa addu'a da magani, babu wanda ya ce ɗaya ya kori ɗaya. Wannan shi ne koyarwar Annabi (SAW), wanda ya umarci bayin Allah su nemi magani, ya kuma hana shiga garin da annoba ta faɗa ko fita daga cikinsa.

Likita a kowane gari

Bello bai ɗauki lafiya a matsayin matsalar mai ciwo shi kaɗai ba. A littafinsa Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya jero abin da ke wuyan shugaba. A ciki ya ce dole shugaba ya kula da masu sana'ar da jama'a ba ta iya rayuwa sai da su, ya ambaci manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da masassaƙa, ya sa likitoci a cikinsu, ya ce a rarraba su a kowane gari da ƙauye. A nan kuma ya yi maganar gyaran hanyoyi da kasuwanni da gadoji da tanadin abinci.

Wato a wurinsa lafiyar mutum tana haɗe da inda yake zaune, da abin da yake ci, da ko akwai mai duba shi kusa. Irin wannan nasiha ta mulki ya riƙa aika wa sarakunan da ke ƙarƙashinsa, har da maƙwabcinmu Sarkin Bauchi Yakubu, wanda ya rubuta wa amsoshin tambayoyinsa.

Baƙon da ya zo daga Ingila

A watan Maris na 1824 wani Bature, Kyaftin Klapaton, wanda ake kira Abdullahi a ƙasar Hausa, ya iso Sakkwato. Tare da wani likita suka taso, Dakta Udni, amma shi ya rasu a hanya kusa da Katagum. Bello ya karɓi baƙon, ya sauke shi a hannun Waziri Giɗaɗo, ya yi ta yi masa tambayoyi a kan addini da taurari da ƙasashen duniya. Da zai koma, ya ba shi wasiƙa zuwa ga Sarkin Ingila Joji na Huɗu. Cikin abin da aka yi magana a kai har da a turo masa likita ya zauna a ƙasarsa.

Ku tsaya ku yi tunani. Wannan mutum ne da ya karanta ɗibbu, ya rubuta littattafai a kai, ga shi shugaban Musulmi, ɗan Mujaddadi. Amma da ya ji akwai wani ilimin magani a hannun mutanen da ba addininsu ɗaya ba, bai ce ya ƙoshi ba. Ya nemi a kawo.

Klapaton ya dawo a 1826. Likitocin da suka taso tare da shi babu wanda ya iso Sakkwato. Amma ya kawo littattafan Larabci, cikinsu har da na Ibn Sina da littafin lissafi na Uƙlidis. Ya rubuta cewa ya shiga ya tarar da Sarkin Musulmi zaune da littafin lissafin a gabansa, kuma Bello ya gaya masa suna da irinsa da wani ɗan'uwansu ya kawo daga Makka, gobara ta cinye shi.

Sai dai kada wani ya zaci Bello mutum ne da za a yi wa wayo. A wannan zuwa na biyu ana yaƙi da Barno, sai ya gano baƙon na ɗauke da wasiƙa da kyauta zuwa ga Shehun Barno. Ya hana shi wucewa, ya karɓe wasiƙar da makaman da ke cikin kayan. Ilimi ya buɗe masa ƙofa, amma idonsa na kan kayan mai shigowa. Klapaton ya kwanta ciwo ya mutu a Sakkwato a watan Afrilu na 1827.

Rasuwarsa

A ƙarshen rayuwarsa Bello ya fi zama a ribaɗin Wurno. Ya jagoranci yaƙin Gawakuke a 1836, sannan ciwo ya kwantar da shi. Ya rasu a watan Rajab na 1253, daidai da Oktoba 1837, aka binne shi a Wurno, ƙaninsa Abubakar Atiku ya gaje shi. Wanda ya rubuta littattafan magani shi ma ajali ya same shi, don magani na cuta ne, ba na mutuwa ba. Allah ya jiƙansa da rahama.

Mu kuma fa?

'Yan'uwa, da yawanmu iyaye da kakanni sun hau wannan tsauni ne daga Kano, Katsina, Zazzau, Bauchi, Sakkwato da Barno, wasu don haƙar kuza, wasu don fatauci. Kamfanonin kuza sun tafi, amma sun bar mana gado: kududdufai birjik a faɗin Filato, da tulin yashin da ya rage bayan an wanke kuza. Masana daga jami'o'i, har da Jami'ar Jos, sun auna irin waɗannan wurare, sun samu cewa wannan yashi yana fitar da wani haske mai cutarwa da ido ba ya gani, wanda ake kira radiyeshon, fiye da ƙasar da ba a taɓa ba. Amma har yau akwai mai ɗiba ya yi bulo ko ya yi daɓen ɗaki, don ya fi araha. Akwai yaran da ke wanka a kududdufan, kuma ba sau ɗaya ba an ciro gawa.

Mun ga abin da ya faru a Zamfara a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Ana niƙa dutsen zinariya a tsakar gida, ashe akwai dalma a ciki, ƙurar ta shiga jikin yara, fiye da ɗari huɗu suka rasu. Da me aka gano? Da gwajin jini da gwajin ƙasa. Da mutanen sun kori masu gwajin, da mutuwar ta ci gaba ana cewa iska ce.

Zazzaɓin Lassa kuwa, a nan garin namu an yi fama da shi a asibiti tun farkon gano shi. A 1969 aka kawo wata ma'aikaciyar jinya daga garin Lassa na Barno zuwa asibitin mishan na Jos ta rasu, kuma a 1970 likitar da ke binciken cutar, Dakta Jeanette Troup, ita ma cutar ta kashe ta. Bincike ne daga baya ya nuna ɓera ke ɗauke da ita. Shi ya sa yau ake ce mana a rufe abinci, kada a shanya hatsi ko gari a bakin hanya.

Mun sani, tsoron da mutanenmu ke yi wa masu bincike ba daga sama ya faɗo ba. Ba a manta da gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara a Kano a 1996 ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga igiya sai ya gudu. Amma mun kuma ga abin da ƙin allurar shan inna ya jawo a 2003 da 2004, yara nawa suka gurgunce, har sai da aka koma aka karɓa, kafin a 2020 a tabbatar cutar ta daji ta bar Nijeriya.

To a nan ne hanyar Bello ta fi mana. Kada mu rufe ƙofa, kada kuma mu rufe ido. In ma'aikatan lafiya suka zo ɗibar ruwan rijiya ko jinin yara, a tambaye su daga ina suke, a ga takardarsu, a ji ko mai unguwa ya san da zuwansu. A tambaye su me za a yi da abin da aka ɗiba, kuma yaushe za a dawo mana da sakamako. Haƙƙinka ne a yi maka bayani da harshen da kake ji, kuma babu mai tilasta maka. In amsa ta gamsar, a ba su haɗin kai. In zazzaɓi ya ƙi jin maganin cizon sauro, a daina jiƙe-jiƙe a gida, a nufi asibiti tun da sauran ƙarfi. Mai gini kuma ya tambayi direban tifa daga ina ya ɗebo yashi. Kwalbatin ƙofar gidanka da rijiyar da ke kusa da masai, waɗannan ba sai an jira gwamnati ba.

Sannan iyaye, a bar yara su yi karatun likita da jinya da kimiyya, maza da mata. Malamai sun ce wannan ilimi farali ne na kifaya, in babu mai yi a cikin al'umma kowa na da laifi. Matanmu na ƙorafin ba sa samun mace ta duba su, to wa zai haifa mana ita in ba mu ba? Bello ya nemi likita daga Ingila bai samu ba. Mu ga asibitin koyarwa a Lamingo, nan kusa da mu.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan magabatanmu, ya kare mu daga annoba, ya zaunar da Jos da ƙasa baki ɗaya lafiya. Amin. Juma'a mai albarka.